An Gwada Shi a Kan Ɓeraye: In Ba Baba Ya Sha?

TAMBAYA: Malam, mahaifina yana fama da shawara, idanunsa sun yi ɗorawa. Wani mai magani da ke zuwa nan Katabu da mota da lasifika ya ce jiƙonsa yana wanke hanta, wai har an gwada shi a kan ɓeraye a jami'a. Me ya haɗa ɓera da hantar mutum? Kuma in saya wa Baba? Daga mai karatu a Katabu, Kaduna.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Gwajin ɓeraye ba tatsuniya ba ce, kuma ba nesa da kai ake yin sa ba. Miƙe hanyar Zariya zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, za ka tarar da ɗaliban harhaɗa magunguna suna wannan aiki da fararen ɓeraye masu jajayen idanu, irin da ake kira Wistar. Wasu masu binciken sukan samo su daga Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore da ke Kaduna.

Sai a ɗebo ganye ko saiwa, masanin tsirrai ya tabbatar da shi ne, a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa, a tace, a ƙafar da ruwan har ya koma danƙo. Kowane ɓera a ɗora shi kan sikeli, a ɗura masa gwargwadon nauyinsa ta siririn bututu. A tsarin Lorke na 1983, wanda jami'o'inmu suka fi bi, ana farawa da miligiram 10, da 100, da 1,000 a kowane kilo na nauyin jiki, a haura har 5,000, a ga inda mutuwa take farawa. Daga nan a ba wasu kullum har kwana 28. A ƙarshe a ɗebi jini a auna ALT da AST, sinadaran da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta, waɗanda sukan tsiyayo cikin jini idan ta ji ciwo. Ita hantar kuma a yanko ta siriri a duba ta a madubin ƙara girma.

Idan ana son sanin ko tsiro yana kare hanta, da gangan ake lalata ta ɓeran da farasitamol mai yawa ko wata guba, sannan a ba wasu maganin, wasu a bar su, a kwatanta. An yi wa zogale haka, an yi wa saiwar rawaya da kakanninmu ke ba mai shawara, an kuma ga alamun kariya. Wannan abin farin ciki ne, kuma ina cikin masu son a ƙara zuba kuɗi a binciken itatuwanmu.

To amma tsaya nan, ɗan'uwa. Guba ce ta taɓa hantar wancan ɓeran. Baba fa, me ya taɓa tasa? Shawara alama ce, ba cuta guda ba. Tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko toshewar hanyar matsarmama, ko ciwon daji, ko ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin wajen kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya. Ita wannan ƙwayar ba ta ma kama ɓera.

Jikin dabba kuma daban yake da namu. Farasitamol ɗin da kake haɗiya don ciwon kai yana iya kashe mage. A 1993, a Amurka, an gwada wani maganin ciwon hanta mai suna fialuridine a kan mutum 15, bayan ya tsallake gwajin dabbobi lafiya lau. Biyar suka rasu, hantarsu ta lalace. Kada kuma ka ce ai tsiro ne, ba ya cutarwa: a arewacin Indiya an gano cewa 'ya'yan rai-ɗore, wannan dai da ke fitowa a bayan gidajenmu da damina, sun hallaka yara da dama ta hanyar lalata musu hanta.

Ko da mai lasifika gaskiya ya faɗa, wane tsiro aka gwada, nawa aka ba ɓeran, kuma shi ne a cikin gorar da yake sayarwa? Duba ko akwai lambar NAFDAC. Idan ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba lafiyar shan sa, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba.

Shawarata, kada ka ba Baba. Hantar da ta riga ta raunana ita ce za ta tace duk abin da ya sha. Kai shi asibiti cikin satin nan, Barau Dikko ko Shika, a yi masa gwajin aikin hanta da na ƙwayar ciwon hanta nau'in B da C, da hoton ciki. Idan ya riga ya sha wani jiƙo, tafi da gorar ka nuna wa likita, kada ka ji kunya. Idan kuwa barci ya yi masa yawa, ko ya fara rikicewa, ko amai da jini, kada a jira gari ya waye. In gwaji ya nuna nau'in B ne, kai da sauran mutanen gida ku je a gwada ku, wanda bai kamu ba a yi masa allurar rigakafi.