Yadda Darɓa Ke Ɗanɗana Gyaɗa

Manoman ƙasar Daura, tun daga Zango har Sandamu da Mai'aduwa da Baure, duk sun san darɓa, watau ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da kan taru a tohon gyaɗa da wake, su bar danƙo a ganye, tururuwa na binsu.

Bakin ƙwaron nan tsinke ne wanda ya fi gashi siriri, da ƙofa biyu a cikinsa. Ta ɗaya yake zuba yawu, ta ɗaya yake zuƙo ruwan ganye. Masana sun duba da madubin ƙara girma, sun tarar tsinin tsinken ba ya jin ɗanɗano. Abin jin ɗanɗanon yana can ciki, wajen maƙogwaro. Saboda haka ƙwaron ba shi da ikon sanin ko ganye abincinsa ne sai ya huda ya kurɓa. In ya yi masa daɗi ya zauna ya hayayyafa, in bai yi ba ya tashi zuwa wani gindi.

To, nan ɓarnar take. Kowace huda da yawu take tafe. Idan ƙwaron ya riga ya sha a jikin gyaɗa mai kuturta, sai cutar ta bi yawun ta shiga mai lafiya. Gindin ya tsugune, ganye ya yi ɗorawa ya nannaɗe, ba 'ya'ya. A 1975 cutar nan ta halaka gyaɗa wajen kadada 700,000 a Arewa, manoma da 'yan kasuwa suka tafka hasara.

Kuturta ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Manomi ya shuka da ruwan farko, don gyaɗa ta yi ƙarfi kafin ƙwarin su yawaita. Ya matse shuka, kada tsakanin gindi da gindi ya wuce taƙi guda, gama masu fiffike sun fi sauka inda suka hango ƙasa fili tsakanin shuka. Ya tuge gyauro da duk gindin da ya kamu, ya binne. Sa'an nan ya nemi iri mai jure cutar, kamar Samnut 24 na Samaru, wajen malamin gona.

Wanda ya kiyaye waɗannan, in Allah ya so, ba zai yi wa darɓa noma ba.