Zubar Gashi da Ciwon Fata ga Karnuka

Wannan darasi domin hakimai ne da malamansu, don su bayyana wa dagatai da masu unguwa, su kuma su isar wa mafarauta da makiyaya da masu karen gadi. Jama'a sun saba in sun ga kare ya zube gashi, sai su ce ƙazuwa ce, su shafa masa baƙin mai ko su kore shi. To, lalle a sani zubar gashi alama ce kawai. Cututtukan da ke kawo ta sun bambanta, maganinsu ba ɗaya ba ne, biyu daga cikinsu kuwa suna kama mutum.

Yadda ake rarrabe su

1. Ƙazuwa mai ƙaiƙayi. Wani ƙwaro ne ƙanƙane, wanda ido ba ya gani, yake haƙa rami cikin fata yana ƙwai. Takan fara daga gefen kunne da gwiwoyi da ciki. Kare ba ya hutawa da susa dare da rana, fatar ta yi kauri, ta yi ɓawo. In ka murza gefen kunnensa, sau da yawa sai ka ga yana harbin iska da ƙafar baya. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma sa mutanen gida ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙirji.

2. Ƙazuwar kwiyakwiyai. Ƙwaronta a gindin gashi yake zaune, daga uwa ake samunsa tun kwanakin shan nono. Gashi yakan zube a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, ba tare da susa mai yawa ba. Ba ta kama mutum. In tabon kaɗan ne, yakan warke da kansa cikin kamar wata 2. In ta fito wa babban kare, sau da yawa akwai wata cuta a ɓoye.

3. Makero. Wannan ba ƙwaro ba ne, dangin funfuna ne. Yakan yi tabo zagaye kamar kwabo, gashin ya kakkarye, wurin ya yi furu-furu. Yara ne suka fi ɗaukarsa, ya fito musu a ka ko a jiki.

4. Ƙuma. Susa da zubar gashi sun fi yawa a gadon baya da gindin wutsiya. Za a ga wani baƙin gari cikin gashi. In an zuba shi a kan farar takarda mai laima, sai ya yi ja, domin jini ne.

Magani

Tabbatar da cutar aikin likitan dabbobi ne. Yakan kankari fatar kaɗan, ya duba da madubin likita. Ƙazuwa tana jin maganin ivermectin, wanda aka fara ba dabbobi a 1981, amma likita ne zai auna shi bisa nauyin kare, gama in ya yi yawa guba ne. Allura ɗaya ba ta isa, domin ƙwan ƙwaron yakan ɗauki kamar mako 3 kafin ya zama babba. Saboda haka ga ƙazuwa mai ƙaiƙayi akan maimaita bayan kowane mako 2. A yi wa dukan karnukan gida magani tare, a ƙone tsumman da suke kwana a kai. Makero yana da nasa magani dabam, yakan ɗauki makonni.

Akwai kuma ruwan wanka da ake kira amitraz. Masu dawaki su yi hattara, kada a kusantar da shi ga doki, domin yana iya kashe shi.

Kada a shafa wa kare baƙin man mota, ko kananzir, ko maganin ƙwarin gona. Suna ƙona fata, in ya lashe kuma su shiga cikinsa. Kada kuma a ɗauka zubar gashi alamar haukan kare ce. Amma duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti ran nan.

Aikin malamin hakimi

In labari ya zo, malami ya rubuta sunan gari, da yawan karnukan da suka kamu, da shekarunsu, da inda gashin ya fara zuba, da ko suna susa, da ko wani a gidan yana fama da ƙaiƙayi. Sa'an nan hakimi ya aika da takardar ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Kafin likita ya iso, a ɗaure kare a inuwa shi kaɗai, a ba shi abinci da ruwa, a hana yara wasa da shi, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu. Karen da aka kora ba warkewa yake yi ba, ƙauyen gaba zai kai cutar.