Darasin Iyali: A Tafi Ko A Zauna?

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:23-25, 21:10-14, Luka 14:28-30

Gabatarwa

Kogin Komadugu Yobe da ya bi ta Gashuwa shi ne ya gangara gabas har ya raba Nijeriya da Jamhuriyar Nijar a wajen Diffa. Dubban mutanen Borno da Yobe sun haye shi don gudun rikicin Boko Haram, amma a Fabrairun 2015 rikicin ya bi su har Bosso da Diffa.

A ɗauka an gayyaci wata ma'aikaciyar jinya daga ikkilisiya a Jajimaji ta je can ta yi aikin agaji na wata shida. Mahaifiyarta ta ce atafau ba za ta je ba, matasan ikkilisiya kuwa suka ce wannan ƙarancin bangaskiya ne. Yaya iyalin Kirista za su yanke shawara?

Haɗarin Gaskiya Ne

A 2018 an sace wasu ungozoma biyu masu aiki da Red Cross a Rann, Jihar Borno, daga baya aka kashe su. A ranar 9 ga Agusta 2020 an kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a Kure, kusa da Yamai. A Oktoban 2016 an sace Jeffery Woodke, Ba'amurke mai aikin agaji a Abalak, bai sami 'yanci ba sai a Maris 2023, kuma mutum biyu masu tsaronsa sun rasa rayukansu a daren da aka ɗauke shi. Ashe haɗarin bai tsaya kan matafiyi kaɗai ba, yakan faɗa wa masu masaukinsa.

Abin Da Nassi Ya Koyar

Manzo Bulus ya fuskanci wannan tambaya sau biyu. A Dimashƙu, da aka ƙulla kashe shi, ya yarda aka zurara shi cikin kwando da dare ya tsere. A Kaisariya kuwa, annabi Agabas ya faɗa masa za a ɗaure shi a Urushalima, 'yan'uwa suka roƙe shi da kuka, duk da haka ya tafi, yana ɗauke da gudummawar ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya zuwa ga matalauta (Romawa 15:25-26). Nassi bai zarge shi da tsoro a Dimashƙu ba, bai kuma zarge shi da ganganci a Kaisariya ba. A duka biyun, aikin da aka ɗanka masa ne ya yanke hukunci. Haka ma Ezra ya ƙi neman rakiyar sojoji, Nehemiya kuwa ya karɓa, Ubangiji ya kiyaye su duka.

Ma'auni Huɗu

Na ɗaya, wa ya aike shi? Ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a kafin ta saki Barnaba da Shawulu. Wanda fasto da dattawa ba su san da tafiyarsa ba, shi ya aiki kansa.

Na biyu, wa ya kira shi? Masu bi na wurin su suka san hanya da lokaci. In sun ce a dakata, a dakata.

Na uku, me ya bari a gida? Kula da iyali wajibi ne (1 Timoti 5:8). Magidanci mai ƙananan yara ba ɗaya yake da saurayi ba, kuma hawayen uwa abin saurara ne.

Na huɗu, an yi lissafi? A san takardun shiga ƙasar, da inda za a kwana, da hanyar fita idan al'amura suka ɓaci. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Idan amsoshin sun daidaita, iyali su sallame ta da albarka, ikkilisiya ta ɗauki nauyin gidanta. Idan ba su daidaita ba, zamanta ba zunubi ba ne. Marasa lafiya da gwauraye da marayu suna nan a Nguru da Gashuwa da ƙauyukan Karasuwa.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta bangaskiya da gwada Allah (Matiyu 4:5-7)?
2. Wane taimako ikkilisiya za ta ba iyalin wanda ta aika?

Abin addu'a: ma'aikatan agaji da masu masaukinsu, da salama a yankin Tafkin Chadi.