Daga Gungume Zuwa Katako

Kowanenmu in ya gama nan ya fita ya kama makaranta, abin da zai fara tarar da shi, bayan yara, shi ne kujeru da tebura da alluna. Malamin da bai san katako ba, shi a ke kai wa ɗanye ya biya kuɗin busasshe, kafin shekara ta kewayo benci ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara abin da muka koya a ɗakin kafinta, mu rubuta shi a nan.

Da fari sai zaɓen itace. A ƙasarmu akwai maɗaci, da kawo, da madobiya, da ƙirya, duk masu tauri ne. Daga kurmi kuma a kan kawo loko, wanda gara ba ta cika damunsa ba, da wani jan itace da Turawa suka sa wa sunan garin Sapele. In an sare itace, muka duba bakin gungumen, za mu ga kashi uku. Can tsakiya akwai ɓargo, daga nan sai jan ciki, sa'an nan farin da ke bin ɓawo. Jan cikin nan shi ne katako na gari. Farin yana da abincin da ƙwari ke so, ɓargo kuwa daga gare shi tsaguwa ke farawa, don haka gwani ya kan fitar da su duka biyu.

Yankan gargajiya na mutum biyu ne da dogon zarto. A kan haƙa rami, a gicciye shi da itatuwa, a mirgina gungume a kai. Sai a shafa wa igiya gawayi, a miƙe ta bisa gungumen, a ja a saki, ta bar layi sambal. Ɗaya ya tsaya bisa yana bin layin, ɗaya yana cikin rami yana jawowa ƙasa, kuma a jawowar nan ne zarto ke ci. In yanka ya yi nisa a kan cusa ɗan itace a tsagar, don kada ta matse zarton. Yanzu inji ya karɓe yawancin aikin nan, amma dokarsa ba ta sake ba.

To, ga ɗan lissafi. Gungume mai faɗin inci 24, in an sassabe shi ya zama mai kusurwa huɗu, kowane gefe zai tashi kamar inci 17. Zarto mai siririn baki ya kan ci ɗaya bisa takwas na inci, watau za a sami katako 15 masu kaurin inci guda. Injin hannu mai sarƙa kuwa ya kan ci kusan sulusin inci, da ƙyar a sami 13. Ashe katako biyu sun zama gari a ƙasa.

Hanyar yanka iri biyu ce. Ta fari, a bi gungume daga gefe zuwa gefe, kamar yankan doya. Tana da sauri, ba ta da ɓarna, amma katakonta ya kan lanƙwashe. Ta biyu, a raba gungume huɗu, a yanka kowane rubu'i ta yadda faɗin katako zai nufi tsakiya. Wannan ta fi cin lokaci da itace, amma katakonta ya fi zama lafiya. Dalili kuwa shi ne, itace yana da zobba kamar albasa, kuma in yana bushewa, ƙanƙancewarsa ta bin zobban ta yi kusan biyun wadda ya ke yi ta ratsa su, a tsawo kuwa kusan babu. Shi ya sa katakon yankan fari ya kan yi kwarmi ta wajen ɓawo. Mai hankali in zai kafa shi a tebur, sai ya sa fuskar da ke wajen ɓargo a bisa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka bukatar haƙuri, shi ne shanya. Ɗanyen itace cike ya ke da ruwa, wani har kusan rabin nauyinsa. A kan jera katako a inuwa, inda iska ke ratsawa, bisa duwatsu ko tubali don tsoron gara. Tsakanin kowane jeri a sa 'yan sanduna masu kaurin inci guda, tazarar ƙafa biyu, kowace daidai bisa 'yar'uwarta, a danne saman da nauyi. Bakunan katako kuma a shafe su da fenti, gama ta nan ruwa ya fi saurin fita. A Ingila su kan ba kowane inci na kauri shekara guda. Mu nan bushewa ta fi sauri, amma hunturu ya kan busar da baya alhali ciki da sauran ruwa, sai katako ya dare. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A ware katako ɗaya, a riƙa auna shi kowane mako, ran da nauyinsa ya daina raguwa ya bushe. Katakon da aka kawo daga Kudu ma a bar shi ya huta tukuna, don iskarmu ta fi tasu bushewa.

Kada mu manta, itatuwan nan ba su girma da sauri. An yi ta saran madobiya ana kai wa ƙasar Sin, har a 2016 taron ƙasashen duniya a Johannesburg ya sa ta cikin itatuwan da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Lalle ne mu koya wa yaranmu su yanka da lissafi, su shanya da haƙuri, kuma kowace makaranta da za mu riƙe ta dasa maɗaci a harabarta, don waɗanda za su zauna kan bencin bayanmu.