Mu Tsara Belbeji Tun Tana Ɗanya

Jama'ar Damargu, tun shekarar 2011 da aka cire Belbeji daga ƙarƙashin Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta, garin yake ta buɗewa. Ofisoshi sun zo, ma'aikata na neman gidan haya, makiyayan da fari ya karya su ma suna ta kafa bukkoki a bakin gari. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na farko da za a duba kafin a raba filaye shi ne hanyar ruwa. Ƙasarmu ba ta samun ruwan sama da yawa, amma ɗan wanda ake samu yakan zubo a lokaci guda, cikin Yuli da Agusta, ya gangara kwarin Tarka. Wanda ya gina a kan magudana don ya ga shekara uku ba ta kawo ba, ran da ta kawo katangarsa da ta maƙwabcinsa za su tafi tare. Tsofaffin unguwa sun san inda ruwa ke bi. Ya kamata magajin gari da masu auna fili su tambaye su tun ba a kafa turaku ba.

Sai inuwa, wadda ita ce babbar maganarmu. Yau kowa burinsa bulon siminti da rufin kwano, ana ganin ɗakin laka alamar talauci ne. To, ku shiga ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu, ku ga yadda jariri ke kuka, uwa ta jiƙa zane ta rataya a ƙofa, maigida ya ɗauki tabarma ya gudu gindin bedi. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyin dare har tsakar rana. Aibinta biyu ne, tana son yaɓe kafin damina, kuma azara ta yi tsada saboda itace ya ƙare. Matsalar azara an daɗe da samo mata magani a nan Nijar. A 1980, a garin Cikal kusa da Filinge, aka fara koya wa magina ginin da ba icce, inda ake rufe ɗaki da baka ko tulluwa ta tubalin ƙasa zalla. Kada kuma mu manta Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, wanda aikinsa na laka ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Masu kasuwa su dubi Dandaji, ita ma a jihar Tawa. A 2018 Mariam Kamara, 'yar ƙasar nan, ta tsara musu kasuwa a kewayen wata tsohuwar bishiya da mutane suka saba taruwa a gindinta. Ba ta sare ta ba. Rumfunan na tubalin ƙasa ne, ga faya-fayan ƙarfe masu launi an ɗaga su sama, wani ya fi wani tsawo, suna tare rana iska na ratsawa. Kasuwar da a da take ci mako-mako, an gina ta yadda za ta iya ci kullum. Mu ma ranar kasuwa a Belbeji ko Tanut, mai tallar nono da mai awon hatsi sun cancanci inuwa, kuma kara ta dabbobi tana son nata wurin da mashaya, nesa da masu tuya da mahauta.

Abin da ya rage yana hannun unguwa. A bar dandali da filin makaranta, kada a yanka su a sayar. Kowane gida ya dasa bedi ko aduwa a ƙofa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ruwan alwala kaɗai ya isa ya raya shi. Indararo kuma a juya shi ya zuba a gindin iccen, kada ya riƙa kwarara a kan katangar maƙwabci.