Darasi na 9: Tambayar Ƙaramin Yaro

Karatu: Kubawar Shari'a 6:4-9, 20-25, Joshua 4:1-7.

Musa ya yi wannan jawabi a ƙasar Mowab, sa'anda Isra'ilawa su ke gab da ƙetare Urdun, shi kuwa ya sani ba za ya ƙetare tare da su ba. Mu lura ga wanda ya danƙa amanar koya wa yara maganar Allah. A wuyan iyaye ya ɗora ta, ya kuma ambaci lokatai 4 na yin wannan aiki: na zaman gida, da na tafiya, da na kwanciya, da na tashi daga barci. Dukansu lokatai ne na yau da kullum, waɗanda talaka da mai arziki su ke da su daidai wa daida.

Mu duba aya ta 20 kuma. A nan koyarwa daga bakin yaro ta ke farawa: ɗa ya yi tambaya, uba ya ba shi labarin bauta a Masar da yadda Ubangiji ya fisshe su. Haka kuma Joshua ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun, aka kafa su domin wata rana yara su gani su tambayi ma'anarsu. Ashe Allah ya shirya bangaskiya ta bi ta wannan ƙaramar ƙofa. Amma yaro ba ya tambayar mutumin da hankalinsa ya ke wani wuri. Ya kan dubi fuskar babba tukuna, in ya ga an sunkuyar da kai, sai ya haɗiye maganarsa.

'Yan'uwa, a nan ne damuwarmu ta ke. An buɗe gidan talabijin na fari a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, wayar salula kuwa ta soma bazuwa cikin 2001. Talabijin ya cinye zaman gida ne kaɗai, amma waya ta bi mu har kan hanya da kan shimfiɗa, da ita kuma mu ke buɗe ido da safe. Watau ta kama dukan lokatan nan 4 da Musa ya ambata.

Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallonsa ya wuce sa'a 1 a yini. Shawara ce mai kyau, gama ƙaramin yaro daga bakin mai amsa masa ya ke koyon magana. Sai dai mu iyaye mun fi saurin ƙwace waya daga hannun yaro bisa ga ajiye tamu.

Ba mu ce waya zunubi ce ba. Da ita ɗan kasuwa ya ke ciniki, da ita waɗansu su ke karanta Littafi Mai Tsarki. Uwar da ta wuni a gona ko a kasuwa, ga girki yana jiranta, in ta miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru, taimako ta ke bukata daga maigida da sauran mutanen gida, faɗa ba za ya rage mata aiki ba.

Abin da mu ke roƙo kaɗan ne. Lokacin tuwon dare a kashe talabijin, a bar wayoyi a ɗaki, ta maigida ce ta fari. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, uba ya ba da labarin Dauda da Goliyat da bakinsa, a yi addu'a gajera wadda ɗan shekara 3 za ya iya maimaitawa. In ana tafiya majami'a ran Lahadi, a riƙe hannun yaro, a bar shi ya tsaya kallon tururuwa, ko da za a ɗan makara.

Tambayoyi domin tattaunawa: Cikin lokatan nan 4, wanne ne waya ta fi cinyewa a gidanka? Wace tambaya ɗanka ya yi maka a makon jiya, me ka amsa masa?