Siffar Tsakuwa da Ƙarkon Hanyar Kwalta

Sau da yawa hakimi ya kan ga an zuba sabuwar hanya a ƙasarsa, baƙa wuluk, sumul, amma kafin damina biyu ta wuce sai ta yi kwari inda ƙafar mota ke bi, ta dinga ɓarewa. In an tambayi jama'a dalili sai su ce an yi rowar kwalta. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau tari laifin na dutsen da aka cuɗa da ita ne.

Abin da mu ke kira kwalta a kan hanya, in an auna nauyinsa, wajen kashi 95 cikin 100 tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Baƙin danƙon kansa bai fi wajen kashi 5 ba. Watau dutse shi ne tuwon, kwalta miya ce. Aikinta ta lulluɓe kowace tsakuwa, ta riƙe ta, ta hana ruwa shiga. Nauyin mota kuwa tsakuwa ke ɗauka, wannan ta miƙa wa waccan har ya kai ƙasa.

To, tsakuwa ba siffarta ɗaya ba. Akwai ta rafi, wadda ruwa ya daɗe yana mirginawa har ta yi santsi, ta mulmule kamar gujjiya. Duk wanda ya taka tulinta ya san ƙafa nutsewa ta ke yi, domin ba abin da ke hana wata ta zame ta gefen 'yar'uwarta. Haka ta ke yi a cikin hanya. Da bazara, sa'ad da zafin fuskar kwalta ya kan kai digiri 60, danƙon ya kan yi laushi, ya kasa riƙe ta. Tirela ta bi da lodi, tsakuwar ta gusa dama da hagu, sai ka ga kwari biyu da tudu a tsakani. Ruwan sama ya kwanta a kwarin, daga nan sai rami.

Wadda a ke so ita ce wadda inji ya fasa, mai kusurwoyi da kaushi, tsawonta da faɗinta da kaurinta kusan ɗaya. In rola ta danne irin wannan, sai kusurwoyin su sarƙe da juna, kowace ta tokare maƙwabciyarta, ko da kwalta ta yi laushi ba su motsi. Kaushin jikinta kuma ya kan ba danƙon wurin kamawa, ya ba taya abin riƙo ran da aka yi ruwa. Ba sabon ilmi ba ne wannan. Wani mutumin Sikotilan, John McAdam, wanda aka ɗora bisa hanyoyin Biristol ta Ingila a 1816, ya sa a riƙa fasa dutse da guduma ƙanana ƙanana, masu kaifi, a shimfiɗa, ƙafafun keken doki su daddanne su har su kulle. Ba kwalta a aikinsa ko kaɗan, amma hanyoyinsa suka yi ƙarko.

Sai dai ba kowane fasasshen dutse ke da kyau ba, nan kuwa a ke yawan ruɗuwa. Akwai wanda ke fitowa daga inji falle falle kamar tsingaro, da wanda ke fitowa siriri kamar yatsa. Mai kallo ya ga kaifi ya ce madalla. Alhali kuwa irin wannan ba ya jure rola, karyewa ya ke yi tun ana cikin aiki, bakin karayar kuma ba kwalta a jikinsa. Ta nan ruwa ke shiga, ya raba danƙo da dutse a hankali, hanya ta soma zubar da tsakuwa kamar tsohon daɓe. Wanda bai karye ba ya kan kwanta a kan ɗan'uwansa, ya bar kogo a ƙarƙashi. Wani abin daga irin dutsen ne, gama akwai mai tsagewa shafi shafi tun daga halitta. Wani kuwa daga injin ne: mai matse dutse tsakanin muƙamuƙai biyu ya fi fid da falle, mai maka shi da ƙarfi ya fi fid da dunƙulalle.

Saboda haka injiniyoyi suka sa iyaka. A ƙa'idar da Amurka ta fitar a 1993, dutsen da tsawonsa ya ninka kaurinsa fiye da sau 5 ba a yarda ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin tsakuwar manyan hanyoyi ba.

Gaskiya ne fasasshen dutse ya fi tsada, ya fi kuma wuyar dannewa, dole rola ta ƙara zagaye tun cuɗin yana da zafi. A ƙasashen da ke kusa da Tafkin Chadi, inda dutse ya yi wuya, kuɗin dakonsa kaɗai abin dubawa ne. Wannan ne ke jan ɗan kwangila zuwa rafin da ya fi kusa. Tsakuwar rafi ba haram ba ce, in manya ce aka bi da ita ta inji ta sami fuskoki fasassu. Zuba ta yadda aka kwaso ta, shi ne ɓarna.

Ba a nemi hakimi ya zama injiniya ba. Amma in ana aikin hanya a gundumarsa, malaminsa na iya zuwa inda aka jibge tsakuwa, ya ɗebi tafi biyu ko uku daga wurare dabam dabam na tulin, ya baza a kan tabarma. Ya ware mulmulallu gefe guda, masu falle da sirara gefe guda, ya ƙidaya. Ya duba kuma ko jan turɓaya ya manne musu, don ƙura tana hana kwalta kamawa. Sa'an nan ya rubuta rana, da wurin, da inda aka ɗebo dutsen, hakimi ya sa hannu, a aika wa injiniyan da ke duba aikin tun ba a shimfiɗa ba. In an riga an zuba an danne, gyaran sai an tone.